Ranar Hunturu da Lafiyar Fata: Bayani ga 'Yan Kasuwa da Iyalan Zango



Tun daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa cikin Maris, iskar da ke tasowa daga hamadar Sahara takan lulluɓe Wagadugu da ƙura da hazo. Da asubar watan Janairu sanyi kan sauko zuwa wajen digiri 16, masu moto su naɗe fuska, a kewaye mai shayi ana jin ɗumi. Kafin azahar kuwa zafi ya haura digiri 30. A wannan lokaci ne leɓe ke tsagewa, ƙafa ta yi faso, jiki ya yi fari kamar an barbaɗa masa toka. A cikinsa ne kuma masu tallar man shafawa ke cin kasuwarsu, kowa na yabon nasa.

An shirya wannan takarda domin masu kasa kaya a Rood Woko da Sankaryare da sauran kasuwannin birni, da fatake masu bin hanyar Po zuwa Kumasi, ko ta Sinkanse zuwa Lome, ko ta Fada zuwa Yamai, da kuma iyalan tsohuwar unguwar Zanguwetin waɗanda rusau na shekarar 2003 ya rarraba su cikin sababbin unguwanni. Manufarta ita ce a san abin da rana ke yi wa fata a lokacin sanyi, a kuma rarrabe abin da ke kare ta da gaske da abin da ke cinye kuɗi ya bar wa mutum cuta.

Sanyin iska ba ya kashe kaifin rana

Da bazara, in rana ta take, babu mai buƙatar a ce masa ya nemi inuwa. Zafin ne ke korarsa. Da hunturu kuwa iska na busawa, hazo ya rufe sama, rana ta zama kamar faifai, har mutum kan iya duban inda take. Sai mai tumatir ta janye daga rumfa ta koma fili don ta sha hantsi, ta zarce a nan har la'asar.

Abin da ke illata fata ba shi ne zafin da jiki ke ji ba. A cikin hasken rana akwai wani kashi da ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin sa a lokacin da yake aikinsa. Masana suna kiransa UV, kuma iri biyu ne ke isowa gare mu. UVB yana tsayawa a saman fata, shi ke ƙona ta. UVA, wanda ya kai kimanin kashi 95 cikin 100 na wannan haske da ke sauka ƙasa, yana kutsawa ciki ya lalata zaruruwan da ke riƙe fata da ƙarfi da laushi. Yana ratsa gajimare, yana ratsa gilashin taga. Ƙurar hunturu tana rage wani abu daga cikin wannan haske, amma ba ta tare shi.

A ƙasashen Turai rana kan yi ƙasa ƙwarai da hunturu, ƙarfinta ya ragu. Mu kuwa Wagadugu tana wajen digiri 12 ne kawai arewa da tsakiyar duniya, don haka ko a watan Disamba rana na hawa sama sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin ƙarfin UV, ta kuma ce daga lamba 3 ya kamata a fara kare jiki. A yankinmu tsakar rana na wuce wannan lamba nesa ba kusa ba, rani da damina. Ga ma'aunin da ba ya buƙatar na'ura: dubi inuwarka. Muddin ta fi ka gajarta, rana na kan ƙarfinta. Galibi daga ƙarfe 10 na safe ne zuwa 4 na yamma ake son a fi yin hattara.

Wani zai ce, ai baƙar fata ba ta tsoron rana. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Launin da Allah ya sanya a fatarmu, wanda ake kira melanin, garkuwa ne na gaske. Shi ya sa ciwon dajin fata da rana ke haddasawa bai yawaita a cikinmu kamar yadda ya yawaita cikin Turawa ba. Sai dai garkuwar ba ta tare komai. A baƙar fata illar rana ta fi bayyana a matsayin tabo: kowane ƙurji da ya warke ya bar baƙin gurbi, rana ta ƙara masa duhu; baƙaƙen shatan da ke fitowa a kumatu da goshin mata, musamman masu juna biyu, su ƙara yaɗuwa. Ido ma yana shan nasa: yawan zama cikin wannan haske na cikin abubuwan da ke gaggauta yanar ido da tsiron naman da ke rarrafowa daga gefen ido.

Hunturu yana ƙara wa wannan wata matsala. Da rana, laimar da ke cikin iska takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, sai iska ta yi ta zuƙe ruwan fata. Saman fata kamar yaɓen katanga ne. In ya bushe ya tsattsage, ƙura da ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, ƙaiƙayi ya taso, susa ta kawo rauni, rauni ya bar tabo.

Mene ne "antioxydant" da ake rubutawa a jikin kwalba?

Kowace mai girki ta san in an fere doya ko an yanka gauta aka bar su a iska, sukan yi duhu. Kowane maƙeri ya san ƙarfe na tsatsa. Irin wannan aiki ne iska da haske ke yi wa abubuwa, kuma yana faruwa a jikin ɗan Adam. In hasken UV ya shiga fata, ko hayaƙin moto da na itace ya zauna a kanta, sai a sami wasu ƙananan sinadarai marasa natsuwa da ke cin ƙwayoyin halittar fata kamar yadda tsatsa ke cin kwano. A nan za mu kira abin tsatsar jiki.

Jiki yana da masu kashe wannan tsatsa. Wasu shi ke haɗa su da kansa, wasu kuma daga abinci yake samu: bitamin C, bitamin E, sinadarin karotin mai ba karas da manja launinsu, da sinadaran da ke cikin ganyaye da jajayen 'ya'yan itace. Su ne ake rubuta wa "antioxydant" da Faransanci a jikin kwalabe, wato masu hana tsatsa.

Abin lura shi ne aikinsu yana zuwa ne bayan haske ya riga ya shiga, su rage ɓarnar da ya yi. Ba sa tare shi a ƙofa. Duk wanda ya shafa irin wannan mai ya tsaya cikin rana wuni guda yana zaton ya tsira, kamar mai share ɗaki ne da ya bar taga a buɗe ranar da ƙura ta taso. Saboda haka tsarin kariya yana farawa ne da inuwa da sutura, sannan mai, sannan abinci. Kayan kanti su ne na ƙarshe.

Inuwa da sutura

Rumfar zana, ko lema, ko buhun da aka ɗaura a kan sanduna huɗu, sun fi kowane kirim amfani ga mai zaman kasuwa. Malfa mai faɗin baki tana kare fuska da kunne da ƙeya, inda hula ba ta kaiwa. Rawanin fatake da mayafin mata sun daɗe suna wannan aiki. Yadi mai kauri ya fi shara-shara. Ɗaga shi ka duba ta hasken rana, in kana hango haske sosai, to UV ma yana wucewa. Mai moto da mai tura kura su sa riga mai dogon hannu, su kuma nemi tabarau da aka rubuta UV400 a jikinsa. Baƙin gilashin da ba shi da wannan kariya yana iya cutarwa, domin yana sa ƙwayar ido ta buɗe, haske ya ƙara shiga.

Ba a ce a guji rana ɗungurungum ba. Fata na buƙatar haskenta don haɗa bitamin D mai ƙarfafa ƙashi. Matan da ke wuni cikin ɗaki da ƙananan yara su riƙa fitowa tsakar gida na ɗan lokaci kowace rana.

Man kaɗanya da yadda ake shafa shi

Burkina Faso na cikin manyan ƙasashen da ke samar da man kaɗanya a duniya, kamfanonin Turai kuma suna saye su zuba a kwalba mai tsada su dawo mana da shi. Man da matan karkara ke bugawa da hannu, wanda ba a tace shi da sinadari ba, yana ɗauke da bitamin E da wasu masu hana tsatsa, yana kuma toshe tsagar fata ya riƙe mata ruwa. Yana tare ɗan kaɗan daga hasken UV, amma kaɗan ɗin bai kai a dogara da shi ba.

Yadda ake shafawa ya fi yawan abin da ake shafawa muhimmanci:

- A yi wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma kada a daɗe.
- Sabulun wanki mai yawan soda, irin kabakuru, na tufafi ne da kwanuka. Yana kwashe maiƙon fata. A rage dirza da soso mai kaushi.
- A tsane jiki da tawul, a shafa mai nan take tun fata na da danshi, don ya kulle ruwan a ciki.
- Bayan alwala, musamman ta asuba da ta isha'i, a mayar da mai a hannu da fuska da ƙafa.
- Leɓe a shafa masa man kaɗanya ko basilin. Lasarsa da harshe ƙara busar da shi yake yi.
- Mai faso ya jiƙa ƙafa da dare, ya goge kaushi a hankali, ya cika tsagar da mai, ya sa safa. Kada a yanke kaushi da reza.

A ajiye man a rufe, a inuwa. In warinsa ya juya, masu hana tsatsar da ke cikinsa sun ƙare. Wanda fuskarsa ke yawan fitar da ƙuraje ya sassauta shi a fuska.

Abin da ke cikin kwano

Hikimar Ubangiji ce lokacin da fata ta fi wahala shi ne lokacin da lambu ya fi albarka. Da hunturu ne tumatir da karas da kabeji da tattasai ke cika kasuwa daga lambunan Lumbila da na bakin madatsun ruwan birni, lokacin ne kuma jajayen 'ya'yan nan da ake kira fraise ke fitowa daga Bulmiyugu.

Garin ƙwallon kuka, in aka auna nauyi da nauyi, ya ninka lemu a bitamin C. Gwaba ma ta fi lemu. Wannan bitamin ba ya jure dogon dahuwa, don haka a jiƙa kuka da ruwa mai tsabta, a ci gwaba da tumatir ɗanye bayan an wanke su da kyau. Karotin yana cikin karas, gwanda, kabewa, dankali mai jan ciki, zogale, alayyafo da manja, kuma jiki ya fi karɓarsa in an haɗa da ɗan mai. Gyaɗa da riɗi suna ba da bitamin E. Jan launin zoɓo ma na cikin masu hana tsatsa, in ba a cika masa sukari ba. A riƙa shan ruwa ko ba a ji ƙishi ba, domin sanyi na ɓoye ƙishirwa.

Ƙwayoyin bitamin da ake tallatawa ba su maye gurbin abinci. A wani babban bincike da aka buga sakamakonsa a 1994 a ƙasar Finland, da wani a Amurka a 1996, an ga masu shan taba da aka ba ƙwayar karotin mai yawa sun fi kamuwa da ciwon dajin huhu. Yawan ƙwayar bitamin A kuma yana iya illata ɗan tayi. Kada a sha sai da umarnin ma'aikacin lafiya.

Akwai wata cuta da ya kamata a sani. Iyalin da abincinsu ya koma masara tsagwaronta, kamar yadda kan sami waɗanda suka baro garuruwansu, suna iya rasa wani bitamin mai suna niyasin. Alamarsa ita ce fatar wuya da bayan hannu da ƙafa, wato wuraren da rana ke taɓawa, ta yi baƙi ta yi kaushi kamar ƙuna, sau da yawa tare da gudawa. Mai ba ya warkar da wannan. Asibiti ake zuwa, a kuma ƙara gyaɗa da wake da kifi a abinci.

In za a sayi na kanti

Man da ke tare hasken rana shi ne wanda aka rubuta wa "écran solaire" ko "crème solaire", tare da lambar SPF. Mai lamba 30 yana tare kimanin kashi 97 cikin 100 na UVB in an shafa isasshe. A duba kuma a ga an rubuta UVA. Ana sabunta shi bayan kowane awa biyu, da bayan gumi ko alwala. Waɗanda suka fi buƙatarsa su ne zabiya, da masu tabon fuska, da waɗanda fatarsu ta riga ta lalace da shafe-shafe.

Ruwan bitamin C na shafawa yana taimakawa wajen rage tabo in an haɗa shi da kariya daga rana, amma zafi da haske da iska suna kashe shi da wuri. Kwalbar da ta yi makonni a kan tebur cikin rana, ruwanta ya koma ruwan ƙasa, ta tashi aiki. A saya a farmasi, a duba ranar ƙarewar aiki, a gwada a bayan kunne kwana biyu kafin a kai fuska. Mai juna biyu ta nisanci duk man da aka rubuta retinol a jikinsa. Kada a shafa ruwan lemun tsami a fuska da sunan bitamin C. In ya haɗu da rana yana ƙona fata ya bar baƙin tabo na watanni.

Garin gyaran gira kada a rasa ido

Mafi girman haɗari a nan yake. Da yawa daga mayukan da aka zana wa hoton karas ko gwanda ko lemu, aka rubuta "éclaircissant" ko "teint clair", man bilicin ne da aka yi wa ado da sunan bitamin. Abubuwa uku aka fi samu a cikinsu, ko an rubuta ko an ɓoye.

Na farko hydroquinone, mai hana fata yin melanin. Yana tuɓe wa mutum garkuwarsa, kuma bayan dogon amfani yakan bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi wanda ke da wuyar magani. Na biyu magungunan kumburi masu ƙarfi irin su clobétasol da bétaméthasone, waɗanda likita ke rubutawa don wata cuta na ɗan lokaci. In aka mayar da su man kullum, fata ta yi siriri, jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta fito, makero da ƙuraje su yawaita, rauni da ɗinkin tiyata su ƙi haɗewa. Suna kuma shiga jini su jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku sinadarin mercure, mai lalata ƙoda da jijiyoyi, wanda ke kaiwa ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Allurar glutathione da ake yi a ɗakunan kwalliya da sunan hana tsatsa, ita ma neman fari ne, ga haɗarin ɗaukar ciwon hanta ta allura.

Ƙasar Kodebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015, Ghana kuma ta hana shigo da masu hydroquinone a 2016, amma kayan na ci gaba da tsallaka iyaka cikin jakunkuna. 'Yan uwa masu wannan sana'a, mai saye amana ce a hannunku, kuma sau da yawa 'yar maƙwabci ce. Duk man da ya yi alkawarin fari cikin mako guda, ko aka haɗa shi a gida aka ɗura a roba ba suna, kada ku saye shi, kada ku sayar. Wadda ta daɗe tana shafa mai ɗauke da maganin kumburi kuwa, ta je asibiti a tsara mata yadda za ta bari sannu a hankali, domin yankewa farat ɗaya na iya tayar da ciwo.

Waɗanda suka fi buƙatar kulawa

Zabiya an haife shi ne da ƙarancin melanin ko rashinsa. Gado ne da ke zuwa ta wajen uwa da uba duka. Ba laifin uwa ba ne, ba ya yaɗuwa, ba shi da alaƙa da iskoki. A gare shi rana maganar rai ce, domin ciwon dajin fata na kashe zabiya da yawa a Afirka tun suna matasa. Yaro zabiya yana buƙatar malfa, doguwar riga, tabarau da man SPF 50 kowace rana, har ranar da hazo ya rufe gari. Kada a ɗora masa talla da tsakar rana. A ba shi aikin cikin shago. A makaranta a zaunar da shi gaba saboda raunin gani, a kuma kai shi a duba fatarsa aƙalla sau biyu a shekara. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 13 ga Yuni ta kowace shekara don wayar da kai a kan zabiya.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, inuwa da tufafi ne kariyarsa. Uwar da ke goye a kasuwa ta tuna kansa da ƙafafunsa na waje. Mai ciwon suga ya duba tafin ƙafarsa kowane dare, domin ƙaramin faso na iya zame masa gyambo. Wasu magunguna, irin su doxycycline da cotrimoxazole da wasu na hawan jini, suna sa fata saurin ƙonewa a rana. Kada a daina sha, a tambayi mai farmasi, a ƙara sutura.

Yaushe za a je asibiti?

- Rauni ko gyambon da ya wuce wata guda bai warke ba, musamman a kan tsohon tabon ƙuna.
- Baƙin tabo sabo a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, mai girma ko canza kama. A baƙar fata a nan ne wani mugun ciwon daji ya fi ɓuya.
- Ɓawo mai kaushi ko ƙurji mai jini a leɓe, kunne, wuya ko fuskar zabiya.
- Faso mai mugunya, kumburi ko zazzaɓi.
- Ƙaiƙayin da ya hana barci ko ya kama mutanen gida da yawa.

A fara da CSPS mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, kuma asibitin koyarwa na Yalgado Ouédraogo yana da sashen likitocin fata. A tafi da duk mayukan da ake shafawa, a nuna su ba tare da jin kunya ba. Wanda ya ɓoye ciwonsa, ciwon ne zai tona shi.

Matafiyi ya sa malfa da ɗan gwangwanin man kaɗanya a cikin kayansa kafin ya hau mota, mai rumfa ya gyara zanarsa tun yau. Wanda ya karanta wannan takarda ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da wajen suna da bakin masallaci. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga bayan hunturu ƙalau.